Jininka ne, kuɗinka ne, to ina shaidar? Zare kan allurar PRP da gwiwoyin 'yan Sharaɗa

1/ Jama'a, yau zan ɓata wa wasu rai. Zaren nan dogo ne, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. Magana ce kan wata allura da ake kira PRP, da kuma babur ɗin yayana da aka sayar saboda ita.

2/ Kafin wani ya shigo kwament yana cewa “kai a su wa”: ni ba likita ba ne, ma'aikacin lab ne. Aikina in ɗebi jini, in sa a inji in juya, in ƙirga abin da ke ciki. Abin da ake tallata muku a matsayin sabuwar fasaha daga Turai, rabinsa kullum sai na yi shi kafin goma na safe.

3/ Yayana loda ne a wani kamfani a Sharaɗa. Ba zan kama sunan kamfanin ba, yana da iyali kuma har gobe can yake cin abinci. Buhu mai kilo 50 a kafaɗa, ya taka katako ya hau tirela, ya jera, ya sauko, ya ɗauko wani. Tun ina firamare haka yake. Da kafaɗar nan aka biya min kuɗin makaranta, don haka ku yi min uzuri in kun ji muryata ta ɗaga.

4/ Bara gwiwarsa ta dama ta fara kumbura. Da farko sai ya sayi ƙwaya a kemis ya haɗiye ya tafi aiki. Ɗaya ta daina yi, ya koma biyu. Ya je wajen mai ɗori, aka ja, aka shafa, aka naɗe. Ranar da hankalina ya tashi, wata Juma'a ce na hango shi a sahun masu kujera. Mutum bai kai 45 ba, yana salla a zaune cikin dattawa.

5/ Wani abokin aikinsa ne ya turo masa bidiyo a WhatsApp. Kun san irinsu. Wani cikin farar riga, 'yar kwalba a hannu, ruwa rawaya a sama, ja a ƙasa, kiɗa mai sanyi yana tashi. Wai ba tiyata, ba sinadari, jininka ne zai warkar da kai.

6/ Ya je wani asibitin kuɗi. Aka danna gwiwar da yatsa, aka ce guringuntsi ne ya cinye, allura uku za su dawo da shi sabo. Ko hoto ba a ɗauka ba. Kuɗin ukun ya haura albashinsa na wata uku, kuma gaba ɗaya ake biya. Ya sayar da babur, ya haɗa da adashin matarsa. Bai faɗa min ba sai bayan ta biyu, don ya san halina.

7/ Da na fara faɗa sai ya ce, “Ƙane, kai bokonka ne ya yi maka yawa. Ni ai na ji sauƙi.” Kuma gaskiya ya faɗa, ya ji sauƙin. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa, don duk kasuwar a nan take.

8/ Bari mu buɗe kwalbar tukuna. Jini haɗi ne. Akwai jajayen ƙwayoyi masu raba iska a jiki, akwai farare masu yaƙi da cuta, sai wasu 'yan mitsi-mitsi da ake kira filatilet, su ne ke taruwa su toshe wuri in ka yanke. Duka suna iyo ne cikin wani ruwa rawaya, filasma.

9/ Lafiyayyen mutum yana da filatilet 150,000 zuwa 450,000 a ɗigon jini kamar kan fil. In aka ɗebi jini a hannunka aka sa a injin juyi na 'yan mintuna, jajayen su kwanta ƙasa don sun fi nauyi, ruwan rawaya ya tsaya sama. A zuƙe inda filatilet suka fi taruwa, a tsira maka a gwiwa. PRP ke nan, ba ƙari.

10/ Dalilin da ake bayarwa akwai daɗin ji. Filatilet suna ɗauke da sinadaran da ke kiran jiki ya zo ya gyara rauni. To in ka tara su da yawa a inda ya lalace, ai gyara zai yi sauri. A kwanon gwaji ma ana ganin alamar haka. Ni kaina ranar da na fara karantawa cewa na yi kai, wannan dabara ce.

11/ Kuma ta zauna daidai da tunaninmu. Mu da muka tashi muna ganin wanzami yana kafa ƙaho, maganar jini ba ta buƙatar dogon bayani a wajenmu. A ce maka naka ne, ba a gauraya da komai ba, sai zuciya ta kwanta, hannu ya tafi aljihu.

12/ Amma dabara mai daɗin ji daban, magani daban. Ga yadda ake rarrabe su. A tara masu ciwo iri ɗaya, a raba su biyu da ƙuri'a. Rabi a yi musu allurar gaske, rabi a yi musu ta ruwan gishiri, irin wanda ake ƙara wa mutum a asibiti. A rufe sirinjin. Mara lafiya bai san wacce ya samu ba, mai auna shi ma bai sani ba. Sai a jira watanni a gani.

13/ An yi wa PRP wannan jarrabawar, kuma ba sau ɗaya ba.

14/ Gwiwa. A Ostareliya an yi wani gwaji mai suna RESTORE, mujallar JAMA ta buga shi a Nuwamba 2021. Mutum 288 masu zaizayar guringuntsin gwiwa, allura uku, mako-mako. Irin jadawalin da aka sayar wa Yaya sak.

15/ Bayan wata 12, a ma'aunin ciwo na 0 zuwa 10: masu PRP ciwonsu ya ragu da 2.1, masu ruwan gishiri ya ragu da 1.8. Tazarar ba ta kai a ce allurar ce ta kawo ta ba. Aka duba guringuntsin da hoton MRI. Na waɗannan ya ci gaba da raguwa, na waɗancan ma haka. Babu wanda nasa ya tsiro.

16/ Ku sake karanta na 15. Duk wanda ya ce maka allurar nan za ta dawo da guringuntsin da ya cinye, ka ce ya nuna maka hoton kafin da na bayan.

17/ Agara, babbar jijiyar nan ta bayan dunduniya. A Birtaniya an gwada a kan mutum 230 da tasu ta tsinke, BMJ ta buga a 2019. Bayan mako 24, babu bambanci. Sai aka gwada a kan mutum 240 masu daɗaɗɗen ciwon agara, JAMA ta buga a 2021. Bayan wata shida, nan ma babu.

18/ 'Yan ƙwallo, ku matso. A Holan an ɗauki 'yan wasa 80 da naman bayan cinyarsu ya yage, aka buga sakamakon a 2014. Masu PRP sun koma fili a kwana 42. Masu ruwan gishiri? Kwana 42. Wallahi ba ni na ƙirƙira ba. A Holan ɗin dai an gwada a idon sawu, mutum 100, a 2021, labari bai canza ba.

19/ Shi ya sa a 2019 ƙungiyar likitocin ciwon gaɓɓai ta Amurka ta fito ƙarara ta ce kar a yi PRP a zaizayar gwiwa da ƙugu. A shekarar dai hukumar NICE ta Birtaniya ta ce shaidar amfaninta a gwiwa ba ta da ƙwari, duk likitan da zai yi sai ya bayyana wa mara lafiya wannan rashin tabbas ɗin, kuma a riƙa bin sakamako ana rubutawa.

20/ Wa ya bayyana wa Yaya? Wa ya rubuta?

21/ Yanzu mu dawo kan “ai na ji sauƙi”. A gwajin Ostareliya, waɗanda aka tsira wa ruwan gishiri zalla su ma sun ji sauƙi, har da maki 1.8. Ba ƙarya suka yi ba. Mutum ya biya kuɗi, ya ga inji, ya ga farar riga, ya ji zafin allura, jiki da ƙwaƙwalwa suna amsawa. Wannan sananne ne a likitanci.

22/ Sannan ciwon gaɓa hawa da sauka yake. Yaushe kake zuwa asibiti? Ranar da ya fi tsanani. Daga ƙololuwa kuwa ina za a je in ba ƙasa ba? Duk abin da aka yi maka a ranar, shi zai kwashi ladan, ko allura ce, ko man zafi, ko rubutu.

23/ Amma babban sirrin na Yaya shi ne wannan. Bayan kowace allura an ce ya huta kwana goma, kar ya ɗauki nauyi. Ya yi biyayya, don ya biya kuɗi mai zafi. Mutumin da in ba ranar Salla ba bai san hutu ba, ya yi kusan mako uku babu buhu a kafaɗa. Dole kumburi ya saɓe mana.

24/ Wato ya sayar da babur ya sayi hutun da kamfani ya kamata ya ba shi. Ya koma aiki, kafin Juma'a biyu gwiwa ta dawo yadda take.

25/ Na san abin da ke zuwa: “Nadal ya yi, Tiger Woods ya yi, ka fi su sani ne?” Sun yi. Shi Tiger Woods sai da aka yi masa tiyatar gwiwa a 2008, allurar daga baya ta zo. Kuma irin waɗannan kowannensu yana da mai gashin ƙashi nasa na kansa, da mai tsara masa abinci, da hoto duk lokacin da ya so. Ba wanda ya ce musu Litinin su dawo su loda tirela.

26/ In mutum yana yin abu ashirin don ya warke, ka zaɓi guda ɗaya mai tsada ka ce shi ne, ganin kitse kake wa rogo.

27/ Adalci kuma: ba kowane masani ne ya yi watsi da ita ba. Akwai gwaje-gwajen da suka nuna ta ɗan fi wasu allurai a gwiwar da ba ta lalace sosai ba. Ƙungiyar likitocin tiyatar ƙashi ta Amurka a 2021 ta ce tana iya rage ciwo, amma ta sa shaidar a matakin mai rauni. Ƙungiyar ESSKA ta Turai ma tana goyon bayanta ga wasu masu ciwon gwiwa. Bincike bai ƙare ba.

28/ Sai dai ku lura da abin da ake gwada ta da shi. A ciwon gwiwar hannu, an samu cewa ta fi allurar sitiroyid bayan watanni. To amma ita sitiroyid an gano tana kashe ciwo na 'yan makonni ne, daga baya ciwon ya fi saurin dawowa. Ka tsere wa gurgu a gudu, ba a kiran ka zakara. Da masu bitar Cochrane suka haɗa gwaje-gwajen a 2021, ba su ga wani amfanin a zo a gani ba in an gwada ta da allurar wofi.

29/ Kuma shi ciwon gwiwar hannun, mafi yawan mutane yana barinsu cikin shekara guda ko ba a yi musu komai ba.

30/ Don haka rigimata ba da likitan da ya ce “akwai wata allura, wasu na jin daɗinta, shaidar ba ta da ƙarfi, ga kuɗinta, ka yi shawara” ba ce. Mai kuɗin da ya ji haka ya ce a yi, ruwansa. Rigimata da wanda ya kalli lebura a ido ya ce masa tabbas, sannan ya karɓi kuɗin babur.

31/ Bari in sa rigar lab yanzu. PRP ba kamar farasitamol ba ce, da ta Sabon Gari da ta Landan duk giram ɗaya. Kowane inji da gudunsa, kowane wuri da mintunansa, wani ya bar fararen ƙwayoyi a ciki, wani ya cire. Asibiti biyu za su ce maka PRP, abin da ke sirinjinsu bai yi kama ba.

32/ Kuma daga jininka ake haɗa ta, don haka yadda jininka yake ranar, haka za ta fito. Maleriya tana rage filatilet, duk ɗan lab a Kano ya san wannan, da damina kullum muna gani. Asfirin da dangin dikilofenak suna rage musu ƙarfi. Yaya yana kan ƙwaya biyu a rana lokacin da aka ɗebi jininsa. Ba wanda ya tambaye shi, ba wanda ya ƙirga.

33/ “Ai jininka ne, ba illa.” Gaskiya ne jiki ba ya ƙin nasa, kuma a hannun ƙwararre illar ba ta cika wuce zafi da kumburin 'yan kwanaki ba. Amma allura ce ake shigarwa cikin gaɓa. Ƙwayar cuta ta bi ta ta shiga, gaɓa na iya ruɓewa cikin kwanaki. Nan kam tiyatar da kake gudu ta same ka.

34/ Sai tsafta. A Afrilu 2024 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton mata uku da suka kamu da ƙanjamau bayan an yi musu PRP na gyaran fuska a wani shago mara lasisi a jihar New Mexico, wanda aka rufe tun 2018. A Amurka fa. In kwalabe biyu suna juyawa a inji ɗaya babu suna a jiki, wa ya tabbatar maka wanda aka dawo maka da shi naka ne?

35/ 'Yan mata masu bibiyar shagunan gyaran fata, na 34 naku ne ku ma.

36/ Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tsira allura ba a san ciwon ba. A garin nan ciwon gaɓa fuska dubu gare shi. Mai sikila, kan ƙashin ƙugunsa na iya mutuwa, ciwon ya riƙa sauka gwiwa. Tarin fuka yana kama ƙashi da gaɓa. Gaɓa mai zafi, ja, ga zazzaɓi, na iya zama ruɓa, gaggawa ce. Jijiyar tsakiyar gwiwa da ta tsinke gaba ɗaya a filin ƙwallo, ruwan rawaya ba ya ɗinke ta.

37/ Kowane wata da ka ɓata kana jiran allura ta yi aiki, ainihin ciwon yana can yana cin gabansa.

38/ Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ku bar asibitin, ku zo mu tsaya a bakin get da asuba.

39/ Challawa: yaro yana jan ɗanyar fata daga cikin ganga, jiƙe sharkaf, nauyinta ya ninka, ƙasa kuma santsi. Bompai: mutum a tsaye gaban inji tun safe har magariba, hannu ɗaya, motsi ɗaya. Sharaɗa: su Yaya da katakonsu. Kafaɗa, gwiwar hannu, ƙugu, gwiwa. Ciwon nan ba daga sama ya faɗo ba, kuma ba sanyi ba ne, ba sammu ba ne. A wajen aiki aka ƙera shi.

40/ To me ya sa maganinsa yake fitowa daga adashin matar lebura?

41/ Akwai doka, kuma na rantse da yawanku ba ku taɓa jin ta ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Ta ce kowane mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun da hukumar NSITF ke riƙewa. Daga aljihunsa, haramun ne ya cire a albashinka. In ka ji rauni a bakin aiki, ko aikin ya jawo maka cuta, daga nan ake biyan magani da diyya.

42/ “Ai mu 'yan wucin-gadi ne, ba mu da takarda.” Nan ake cin ku. Dokar da ta zo fassara waye ma'aikaci, ta sa har da na wucin-gadi, da mai rabin lokaci, da ɗan koyo, kuma ko yarjejeniyar ta baka ce. Rashin katin shaida a wuya bai fitar da kai ba.

43/ Amma tana da agogo. Kai ka sanar da kamfani cikin kwana 14. Kamfani ya kai rahoto hukumar cikin kwana 7. Neman diyya kuma cikin shekara guda, sai in da wani uzuri na musamman. Ka zame a Challawa yau, ka ce bari in ga ko zai sake ni, ka yi wata biyu kana shafa man zafi, ka ba su hujja da hannunka.

44/ Ku yi ta a rubuce. Takarda biyu, kwanan wata, me ya faru, a ina, wa ya gani. Ɗaya a ba su, ɗaya a sa maka hannu ka adana. Ka ɗauke ta hoto a waya. Wanda bai iya rubutu ba, kai da kake karanta zaren nan ka rubuta masa, amfanin bokonka ke nan.

45/ Na san amsar, don Yaya ya ba ni ita: “Ƙane, in na kai takarda, gobe sufabaiza zai ce babu aiki. Akwai mutum hamsin a bakin get suna jiran wurina.” Ban da abin da zan ce masa a nan. Gaskiya ce. Kamfanoni da yawa a unguwannin nan sun rufe, wanda ya samu wuri riƙe shi yake da haƙori.

46/ Shi ya sa allurar take da kasuwa. Ba ta buƙatar ka fuskanci manaja. Ba ta buƙatar ƙungiyar ƙwadago ta tashi daga barci. Ba ta buƙatar jami'in duba masana'antu ya shigo ya tambayi me ya sa mutane ke hawa katako da buhu alhali akwai motar ɗaga kaya a duniya. Kowa ya huta, sai mai gwiwar.

47/ A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ku ɗauki wannan adadin, ku kira duk wani mai tallar PRP ku tambayi kuɗin zagaye uku, ku raba. Sannan ku tuna a gwaji mafi tsauri ruwan gishiri ya kusa kamo ta.

48/ Masu mabiya a TikTok da Instagram da ake ba ku kuɗin talla, wannan naku ne. Kun tallata turare, kun tallata shadda, ba wanda ya ce muku kanzil. Amma ranar da ka ɗaga waya ka ce “na gwada, tana aiki ɗari bisa ɗari”, wani a Kumbotso zai sayar da akuyar uwarsa. Za a tambaye ka, ko ba a nan ba.

49/ Mu ma masu turawa a guruf ɗin gida ba mu fita ba. Bidiyon da ya ci babur ɗin nan, masoyi ne ya turo shi, da kyakkyawar niyya.

50/ “To ka rushe, me za a yi?” Abin da ke aiki ba shi da kyau a bidiyo, shi ya sa ba a tallarsa. A fara da sanin ciwon. Kano muna da asibitin ƙashi na Dala tun 1959, mutane daga jihohi suke zuwa, har daga Nijar. Akwai sashen gashin ƙashi a asibitin Malam Aminu Kano. Can na kai Yaya, Dala, aka ɗauki hoton da ya kamata a ɗauka tun farko.

51/ Zaizaya ce, amma ba ta yi nisa ba. Abin da aka ce: a ƙarfafa naman cinya da motsa jiki na musamman, kullum, a gida, ba inji. Man shafawa maimakon haɗiyar ƙwaya. A rage nauyin da gwiwar ke ɗauka. Mai ƙiba a ce ya rage ƙiba, shi Yaya ba shi da ita, nasa nauyin a buhu yake zuwa.

52/ Ciwon jijiya ma haka, atisaye ne da ake ƙara masa nauyi sannu a hankali, kusan wata uku. Gajiya gare shi, ba kiɗa, ba farar riga. Amma shi ne jagororin likitoci suke sawa a farko, har da na waɗanda ke goyon bayan PRP.

53/ Ƙwayar kemis kuma, don Allah. Dikilofenak kullum, ciki babu abinci, ga zafin Kano ga gumi, ƙoda da tumbi kake ci. Tiramol kuwa ba ta gyara komai, kashe ƙararrawa take ka ci gaba da lodi a kan gaɓar da ke ihu. Mun san inda ta kai abokanmu, ba sai na faɗa ba.

54/ In duk da haka kai ko wani naka zai yi PRP, shiga da tambayoyi. Mene ne sunan ciwona, kuma me ya nuna shi? Wa zai tsira allurar, yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa? Wurin nan yana da lasisin PHIMA, hukumar da ke kula da asibitoci masu zaman kansu a Kano? Za a ƙirga filatilet ɗina kafin da bayan juyi? In ba ta yi ba, sai me?

55/ Likitan kirki zai ji daɗin tambayoyin nan. Wanda ya haɗe rai, ka ɗauki hularka.

56/ Ni na je na yi su, a makare. Na nemi a dawo da kuɗin allura ta uku tunda ba a yi ta ba. Aka nuna min wani layi a ƙasan rasit, da Turanci, ƙanana. Yaya ya sa hannu a kai, bai san me ya ce ba. Yanzu gardamar da muke a gida ita ce, shi yana cewa tunda an biya gara a yi, ni ina cewa kuɗin sun riga sun tafi, kar a bi su da gwiwa.

57/ Likitocin ƙashi da masu gashin ƙashi da ke nan, in na yi kuskure a wani wuri ku gyara min a fili, zan ɗora gyaran a ƙasan zaren. Wanda kuma ya taɓa bin diyyar rauni ta NSITF daga wani kamfani a Kano har ya samu, ko ya bi bai samu ba, ya yi min magana ta DM. Ina son sanin ta wace ƙofa ake shiga.

58/ Mun rubuta takardar, ni da shi, bayan isha'i. Mun haɗa da hoton gwiwar da bayanin likita. Mun roƙi a mai da shi wani sashe da ba a ɗaukar buhu, ko na wata uku ne. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba. Yau kwananta tara a nan.

59/ Gobe Litinin. Adaidaita biyu zai hau kafin ya isa Sharaɗa, tunda babu babur. Ya ce tirela biyu ke jiransu.